Hujin da ke Safar Hannun Goggo

In ka leƙa ɗakin shirya biskit na masana'antar nan da ke bayan tashar manyan motoci, da wuya ka bambanta wata mace da wata. Kowacce da farar riga har gwiwa, da hular raga, da takunkumi a baki, da shuɗiyar safar hannu ta roba. Idanu kawai ke waje. Amma ko a haka Goggon Kwali ba ta ɓacewa, don ita ce siririyar nan ta ƙarshen layi, wadda rigar aiki ke reto a jikinta kamar an rataye ta a ƙusa. 'Yan matan layin kan ce ranar da aka ƙara wa fanka ƙarfi sai an sa wa Goggo dutse a aljihu, ga shi rigar ma ba a yi mata aljihu ba.

Kowa Goggo yake ce mata, har waɗanda ba ta girme su da komai ba. Kwalin kuwa ita ta jawo wa kanta. Kullum da safe, kafin ma ta gama amsa gaisuwa, sai ta tambaya, "Yau wane kwali ne?" Kwalayen masana'antar iri biyu ne. Akwai mai jan salatif, wanda ake rarrabawa a shagunan gari, akwai kuma mai koren salatif da rubutun da ba mai iya karantawa a layin, wanda ake kaiwa bakin ruwa a sa a jirgi zuwa wata ƙasa. In aka ce ja ne, sai ta ce to, madalla. In aka ce kore ne ba ta cewa komai, amma ranar ba wanda zai ji ta yi ƙorafin ciwon baya.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne rashin cin abinci. Da azahar ana ba ma'aikata shinkafa da dafaffen ƙwai a rumfar bayan ɗakin. Goggo takan yi loma biyu uku, ta tura farantin gaban Rediyo, maƙwabciyarta a layi, wadda ta samu wannan suna saboda in aka kunna ta da safe ba mai iya kashe ta. Rediyo ta sha cewa, "Goggo, ke dai iska kike sha ko? Ki faɗa mana inda ake sayar da ita, mu ma mu huta da cefane." Goggo sai ta yi murmushi ta ce ta ƙoshi. Ba ciwo ba ne, ba kuma azumi ba. Abinci ne ya daina yi mata ɗanɗano tun tana da sauran ƙuruciya, kuma akwai dalili.

Tana budurwa aka zo gina babbar gadar garin, kamfanin ya zo da ma'aikatansa daga ƙetare. Cikinsu akwai wani mai walda, dogo, mai yawan fito, wanda ke zuwa shan shayi a teburin mahaifinta. Maganarsa a karye take, ita kuwa tana dariya tana gyara masa, har gyaran ya kai su ga aure. Ba za a ce ya zalunce ta a zaman ba. Ya kama mata ɗaki, ya ƙera mata gadon ƙarfe da hannunsa, wanda har yau a kansa take kwana. Ta haifi ɗa namiji. Gada ta ƙare yaron bai kai yaye ba, sai mai walda ya ce tsohuwarsa na kwance ba lafiya, tana roƙon a nuna mata jikanta kafin ta cika. Zai yi gaba da yaron, ita ta biyo su da zarar takardunta sun fito. Ita ta goya shi har tasha. Ta ba shi nono a kan bencin jira, ya yi barci da ɗigon nono a gefen baki, ta sa babban yatsanta ta goge masa, ta miƙa shi.

Sau biyu mutumin ya bugo waya shagon mai magani na bakin titi. A na biyun ta jiyo kukan yaron daga nesa, ta ce a kanga masa wayar a kunne, kafin a kanga layin ya yanke. Shi ke nan. Ofishin kamfanin gada ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Ta yi ta zarya ofishin jakadancin ƙasar, tana bin layi cikin rana, in ta kai gaba a tambaye ta adireshi, ita kuwa iyakar saninta gidansu na kusa da wata kasuwar kifi. Wani ma'aikaci ya taɓa ce mata, cikin tausayi ma ya faɗa, "Baiwar Allah, ƙasar nan tamu ai rabinta kasuwar kifi ce."

Mutane sun yi mata jaje har suka gaji, kamar yadda mutane ke gajiya. Jikinta ne bai gaji ba. Shi ba wanda ya gaya masa yaro ya tafi, sai ya ci gaba da kawo nono a kan lokaci, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, rigarta na jiƙewa a tsakiyar kasuwa. Takan tatse a kofi ta zubar a gindin katanga tana kuka. Wannan ne ya tsaya mata a rai fiye da komai, har fiye da yaudarar. Ba ta yaye ɗanta ba. An ɗauke shi ne yana tsakiyar cin abincinsa, kuma tun daga nan in ta ɗaga loma sai ta ji kamar ta riga wani ci.

Ta sake aure daga baya, bayan alƙali ya raba na farkon, da wani dattijo mai gyaran keke, suka zauna lafiya har ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ta koma ɗaki ɗaya a gidan ƙaninta, ta goya masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya. Yaran gidan nan sun ci wuya a hannunta wajen ɗure, don ba ta yarda yaro ya tashi ya bar abinci a kwano, za ta bi shi da cokali har bakin ƙofa. Matar ƙanin takan ce, "Yaya, duk kin mayar mini da su tulu, ke kuma kina nan kamar kara." Sunan nata ɗan ba ta kama shi a baki. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "wancan na ƙetare", ƙaninta kuwa ya daɗe da koyon sauya zance.

Da ta samu aiki a masana'antar, a ɗakin kwaɓi ta fara, kuma ba aikin da ake ƙyashi kamar nata. Tana zaune a kujera gaban sikeli, tana auna sukari da garin madara tana miƙa wa maza su juye a injin. A nan ne wani direba, yana jiran a yi masa lodi, ya ambaci sunan ƙasar da koren kwali ke zuwa. Ashe ƙasar mai walda ce. Ludayin awo ya suɓuce daga hannunta. Daga ranar ta fara tambayar kwali. Shekaru ta yi a haka, kuma hakan ya ishe ta, tunda sukarin da ta auna yana ƙetare ruwan da ita ta kasa ƙetarewa.

Rediyo ce ta ɓata wannan zaman lafiya. Wata azahar a rumfa ta ɗaga wayarta ta ce, "Ku ji wani abin ƙyama. Wai an gwada wasu kayan abinci a wata ƙasa, an samu DNA ɗin mutum a ciki."

'Yan mata suka ajiye cokula. Wata ta tambaya ko naman mutum ke nan aka sa. Rediyo ta ce ita matsalarta da su duhun kai. "Ba nama ba. DNA, abin nan da ake gwadawa a gane ɗan wane ne. Ƙwayar halittar mutum ce, kowa da irin tasa, rabi daga uwa rabi daga uba. Tana cikin gashi, tana cikin yawu, tana jikin fata. Duk abin da kika taɓa da hannu sai kin bar taki a kai, ido ne dai ba ya gani. Me kuke tsammani ya sa ake naɗe mu kamar kayan fashewa kafin mu shiga ɗakin can?"

Goggo, wadda ba ta saba sa baki a hirar rumfa ba, ta ce, "To in mutum ya ci fa?"

Rediyo tun da take ba ta taɓa cewa ban sani ba, kuma ba ranar za ta fara ba. "Ya shiga jikinsa ke nan, Goggo. Abin da ya shiga ciki ai ya zama jini."

"Wutar tanda ba ta kashe ta?"

"Wuta kam ba ta barin komai. Sai dai abin da aka taɓa bayan ya fito."

Ta faɗi haka ta koma kan ƙwan Goggo, ta ma manta ta yi maganar. Goggo kuwa ta tafi da ita gida, ta kwana da ita, ta tashi da ita. Kafin mako ya zagayo ta je wurin shugaban sashe, wanda ake kira Agogo don ba ya iya yi maka magana bai dubi tsintsiyar hannunsa ba, ta ce tana so a mayar da ita ɗakin shiryawa. Agogo ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya sake dubanta. "Goggo, can fa tsayuwa ce daga safe har yamma. Mutane kuka suke yi mini in kawo su inda kike." Ta ce zaman ne ke sa mata ciwon ƙugu. Ya ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya yi maza ya ba wata kujerar kafin ta sake shawara.

Ga yadda aikin can yake. Biskit na fitowa daga tanda a kan dogon bel, yana shan iska a hanya, ya iso gaban mata da sauran ɗuminsa. Su kuma su tattara shi jere-jere a tsaye, su cire wanda ya karye ko ya ƙone, su tura jerin cikin bakin injin da ke naɗe shi a leda. Kafin a shiga, kowacce za ta wanke hannu a famfo ta zaro safa daga kwalin bakin ƙofa. Da gangan aka yi safar shuɗiya, don in ta yage gutsurenta ya faɗa cikin biskit a gan shi nan take.

Ranar koren kwali Goggo kan riga kowa zuwa famfo. Takan wanke hannu ta sake wankewa, ta dirje babban yatsanta na dama har ya yi ja, don ita ba ƙazama ba ce, kuma ba cuta take son aikawa ba. Sai ta sa safa, ta juya baya kamar mai gyara takunkumi, ta ciji kan yatsan ta gutsire ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba. Gutsuren ya zauna a kumatunta har lokacin hutu, daga nan ya koma cikin takalmi, da yamma ya shiga wani tsohon gwangwanin man shafawa da ke ƙarƙashin gadon ƙarfe. Duk jerin da ya bi ta hannunta, sai ta ɗan shafi gefen biskit na farko da fatar yatsan, shafa ɗaya, irin wadda ake goge wa yaro baki.

Mai hankali zai ce wannan wauta ce, kuma ba za a yi masa musu ba. Ƙasa guda ce cike da mutane, ita ko garin ba ta sani ba. Yaron da take tunani ya daɗe da zama magidanci, wataƙila da gemu, wataƙila ma ba ya son zaƙi. Duk ta san wannan, ba sai wani mai wayo ya gaya mata ba. Amma ta tsara abinta tsaf. Namiji ko bai sayi biskit don kansa ba yana shan shayi, in ya je baƙunci za a ajiye masa a faranti. In kuma ya yi aure to yana da 'ya'ya, kuma ba a taɓa haifar yaron da zai wuce shago bai nuna leda mai ƙyalli ba. Tana tsaye bel na gudu, sai ta ga shagon a idonta, da ƙarnin kifi daga kasuwar kusa, da wata 'yar yarinya mai irin goshinta tana jan wandon ubanta. Uban ya saya, ya ɓare, ya ɗauki na farko ya jefa a baki kafin ya miƙa mata, kamar yadda iyaye maza ke yi. Shi ya sa na farko take shafawa. Kewa ce ke cin ta, kewa mai tsanani wadda shekaru ba su rage mata komai ba, kuma a wannan shafar ce kaɗai take samun sauƙi. Da yamma ƙafafunta kan kumbura, ta tsoma su a ruwan ɗumi da gishiri a ƙofar ɗakinta, matar ƙaninta na yi mata mitar kujerar aikin da ta yar da hannunta.

An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Aka ɗauki sabuwar mai shara, mace mai ido, ta lura cewa duk ranar kore tana samun safar dama da kan babban yatsa a gutsire a kwandon ƙarshen layi. Ta tara 'yan kaɗan ta kai wa Agogo. Ranar Agogo ya manta da agogonsa. Ya tsayar da bel, abin da ba a saba gani ba sai in wuta ta ɗauke, ya ce ba koren kwali ko ɗaya da zai bar sito, domin in gutsattsarin nan suna cikin biskit to duka za a ƙona. Mata biyu ne ke jefa safa a wannan kwando, Goggo da Rediyo. Goggo ba wanda ya ko kalle ta. Rediyo kuwa an sha yi mata faɗa a kan tara farce, sai Agogo ya ce ta nuna hannu, ga su nan zaƙo-zaƙo. Ya ce gobe ta zo ofis ta ji sakamako, kuma kada ta wahalar da kanta wajen sa rigar aiki.

Karo na farko ke nan da aka ga Rediyo ta yi tsit. Tana da 'ya'ya ƙanana, mijinta kuma ya daɗe a kwance. Ta zauna a rumfa tana share hawaye da hular raga. Goggo na gefenta. Ta san in ta yi magana an raba ta da bel ke nan, kuma bel ɗin nan shi ne kaɗai hanyar da ta rage tsakaninta da ɗanta. An taɓa raba su a tasha tana kallo, yanzu kuma da bakinta za ta raba. Ta tura wa Rediyo faranti kamar kullum, Rediyo ba ta taɓa ba. Suka tashi suka bar shi cike, Goggo ta koma gida da asirinta, tana jin kunyar kanta a duk hanya.

Washegari ta zo da gwangwanin ƙulle a gefen mayafi. Ta samu Agogo a ɗakin gwaji, inda aka jibge samfurin biskit daga korayen kwalaye. Mai ɗakin, wadda kowa ke kira Malama, ita ke gwada kowane kaya kafin ya fita. Tana da tsohon ciki, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan bokitin da aka kife. Goggo ta gaishe su, ta buɗe gwangwanin ta juye a tebur. 'Yan shuɗɗan gutsattsari suka watsu kamar tsaba.

"Ga su nan, yallaɓai. Ko ɗaya bai shiga biskit ba. Ni ce, ba yarinyar nan ba."

Agogo ya matso gaban tebur. Ya ɗauki safa ɗaya cikin waɗanda mai shara ta kawo, ya duba hujin da kyau, ga sawun haƙori a fili. "Goggo, ke? Da girmanki? Don me?"

Ta sunkuyar da kai. Ya tambaya har ya gaji, sannan ya ce zai je ya gaya wa manaja, ya fita yana magana shi kaɗai.

Malama ta jawo kujera da ƙafa. "Zauna, Goggo. Ni ba faɗa zan yi miki ba, ƙarfin faɗan ma ba ni da shi. Amma sai na san abin da ya taɓa kayan nan kafin in san abin da zan nema."

Wataƙila cikin ne ya jawo. Goggo ta dubi cikin nan, sai ta ji bakinta ya buɗe, ta faɗi abin da ko ƙaninta bai taɓa ji a jere ba, tun daga gada da bencin tasha da kofin da take zubarwa a gindin katanga, har zuwa maganar Rediyo a rumfa. Da ta kai ƙarshe ta nuna biskit ɗin da ke kan tebur.

"Tunda dai asiri ya tonu, 'yar nan, ki yi mini abu ɗaya. Ki sa a na'urarki ki duba mini. Ina ciki?"

Malama ta girgiza kai. "Na'urorina ƙwayoyin cuta suke nema, Goggo, ba sa ganin wannan. Amma ba sai na gwada ba. Mai yiwuwa akwai ɗan burbushin fatarki a kan wasu, wannan gaskiya ne. Sai dai biskit ɗin nan da ma akwai DNA a cikinsa, na alkama, na ƙwai, na saniyar da aka tatsi madararta. Duk abincin da ya fito daga mai rai yana da nasa. In an ci, ciki yana niƙe su gaba ɗaya, bai san na wane ba, bai san na wance ba. Ba ya sauya abincin, ba ya sauya wanda ya ci. Shekara nawa muna cin kaza, kin ga wanda fiffike ya fito wa?"

"To ko da ya ci..."

"Ko da ya ci, ba zai zauna a jikinsa a matsayin naki ba. Ki yi haƙuri. Ƙarya ce dai ba zan yi miki ba."

Goggo ta dubi babban yatsanta. Fatar kansa ta yi santsi saboda dirza. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe duk tsayuwar nan a banza na yi." Ta fara tattara gutsattsarin tana mayarwa cikin gwangwani, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba.

Malama ta dafa cikinta, inda wani abu ya motsa a ƙarƙashin farar riga. "Tsaya, ban gama ba. Tun da na samu cikin nan nake karance-karance, har maigidana ya gaji da ni. Kin ga dai rabin ƙwayar halittarsa taki ce tun ran farko, wannan ba sai an aika a jirgi ba. Amma akwai wanda ya fi ba ni mamaki. Lokacin da yaro ke ciki, wasu 'yan ƙwayoyin jikinsa kan ratsa su shiga jinin uwa, kuma ba duka suke fita bayan haihuwa ba. Masu bincike sun same su a jikin mata bayan shekaru masu yawa, wasu har sun tsufa. A jini, a ɓargo, har a zuciya. Kuma da ransu."

"Na yaron?"

"Na yaron, da DNA ɗinsa, ba na uwar ba. Ba zan rantse miki a kan naki ba tunda ban gwada ba. Amma an samu a mata da yawa."

Goggo ta ajiye gwangwanin. Sannan ta tambaya a hankali, kamar mai gudun ta da mai barci.

"To me suke ci a can ciki?"

Malama ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ƙwalla. "Abin da kika ci mana, Goggo. Me kuma za su ci?"

Gwaji bai nuna wata cuta a biskit ɗin ba, aka saki kwalayen. Rediyo ta koma bakin aikinta bayan an sa ta yanke farce a gaban Agogo. Ta ɗan yi fushi da Goggo, amma fushi na bukatar shiru, don haka bai je ko'ina ba. Manaja ya so ya sallami Goggo, doka ma ta ba shi gaskiya, sai dai aka duba daɗewarta, Malama kuma ta sa baki. Aka yanke cewa ba ita ba ɗakin shiryawa har abada. Aka tura ta harabar baya wurin wanke farantan tanda, da safa mai kauri har gwiwar hannu, wadda ko kare ba zai iya gutsira ba. Agogo da kansa ya zaɓo mata.

Daga wurin wankin ana hango ƙofar sito. A makonta na farko a can aka yi lodin korayen kwalaye, na ƙarshen da yatsanta ya taɓa. Ta tsaya da faranti a hannu tana kallo har aka ɗaure tamfol, motar ta yi baya, ta yi gaba, ta fita ta babbar ƙofa. Ba za a ce ba ta ji ciwo ba. Har yanzu ba ta san ko ɗanta yana da gemu ba, ba ta san ko akwai yarinya mai irin goshinta ba, ba ta ma san ko an taɓa gaya masa tana raye ba. Maganar Malama ba ta kawo mata amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tana son ganinsa yau kamar yadda take so ranar da ta dawo daga tasha bayanta wayam, kuma ta san da wuya.

Aka buga ƙararrawar azahar. Ta zare safar, ta wanke hannu, ta karɓi farantinta ta zauna a rumfa. Rediyo ta matso kamar kullum, har ta gyara wuri a gabanta inda farantin zai sauka. Goggo ta yi loma ɗaya, ta yi ta biyu, ta yi ta uku. Shinkafar ba ta da wani ɗanɗano, kamar kullum. Ta ci gaba. Ta ɓare ƙwan ta gutsuttsura shi ƙanana-ƙanana, yadda ake yi wa wanda haƙoransa ba su gama fitowa ba, tana ci a hankali tana taunawa sosai. 'Yan mata suka fara taɓa juna.

Rediyo ta ga faranti na neman ƙarewa, ta ce, "Goggo, lafiya? Yau ba rabona ke nan?"

Goggo ta goge gefen bakinta da babban yatsa, ta miƙa wa mai rabon abinci farantin.

"Ƙaro mini kaɗan," ta ce. "Yaron nan ya daɗe bai ƙoshi ba."